Abin da aka tattauna kan matsugunni a Damagaram

A zaman da muka yi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, dattawa sun fi tsayawa kan gidan ƙasa. Daminar 2024 ta rushe har tsohon masallacin Birni, balle ɗakin talaka. Shawararsu: a yi yaɓe, a gyara indararo tun kafin ruwan fari, kuma bangon da ya tsage kada a kwana ƙarƙashinsa.

Ga 'yan haya kuwa, wata baba ta ce: "Ɗana, in kuɗi sun yanke, je wurin mai gida tun wata bai mutu ba, ka tafi da mai unguwa ko liman shaida." Na yarda da ita sosai, don kunya ce ke kai mutane kwana waje.

An ambaci adashe, da ajiye takardun fili wurin ɗan'uwa amintacce.