Daga Hotoro zuwa Kwari a keke kullum, mai yiwuwa ne?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, gidanmu a Hotoro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ke cinye kusan rabin abin da maigidana yake sallamata da shi. Akwai tsohon keken mahaifina, Raleigh, a jingine a soro shekara da shekaru, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa. So nake in gyara shi in riƙa zuwa kasuwa. Abu biyu ke damuna: manyan motocin titin Maiduguri, sai kuma idon mutane. Ina neman aure a unguwarmu, kar a ce na talauce. Wanda ya saba hawa don Allah ya gaya min gaskiya.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na fi shekara ashirin ina zuwa makaranta a keke. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, abokan aikina sun sha wahala sosai, ni kuwa ko rana ɗaya ban makara ba.

Tafiyarka ba ta fi ƙarfin keke ba, Kano ai shimfiɗaɗɗen gari ne. Amma ka fita kafin bakwai, kafin masu kai yara makaranta su cika hanya. Ka riƙe gefen dama, kuma idan ka zo Dangi ko Ƙofar Nasarawa kar ka hau gadar sama, bi ta ƙasa. Tirela ba ita na fi tsoro ba, don tun daga nesa kana jin ta. Wanda zai kayar da kai shi ne ɗan Adaidaitan da ya hango fasinja, ya yanko gabanka ya taka birki ba sigina. Sau biyu hakan ta same ni. Yanzu duk wanda ke gabana sai na bar tazarar keke biyu, yatsuna kuma ba sa barin birki.

Zafin Afrilu akwai wuya, ba zan ɓoye maka ba. Ni riga ta biyu nake sawa a leda in ɗaure a kariya, in na isa in canza. Maganar mutane kuwa, za su yi ta mako guda su gaji.

Mai Faci:
Kar ka yarda a ce ka sayar da shi ka sayi sabo, ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne. Canza tayoyi da tib da robar birki. Sarƙar a jiƙa ta a kalanzir ta kwana, a goge, sannan a ɗiga mai kaɗan. In ka cika mata baƙin mai, ƙurar hunturu za ta manne ta cinye haƙora. Ka sayi famfo naka, da ƙwaɗo mai kauri. A kasuwa ka ɗaure jikin keken da ƙarfe, ba taya kaɗai ba.

Maman Ummi:
Ƙanina, ni fitila zan yi maka magana a kai. Maigidana yana dawowa bayan magariba, babu wuta a titi, mai mota bai gan shi ba ya buge shi ta baya. Ƙashin kafaɗa ya karye, wata uku yana kwance, ni na san abin da muka gani. Yanzu ya koma hawa, amma da jar fitila a baya da fara a gaba, kuma ba ya sa baƙaƙen kaya da dare. Ka kula da bakin jallabiya ma, sarƙa na kama ta.

Batun aure kuma, a matsayina na mace nake gaya maka: kuɗin motar da ka tara ka fara haɗa lefe da shi. Iyayen yarinya mai neman na kansa suke dubawa.

Ɗan Hotoro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Jiya na tura keken wurin mai gyara, ya ce jikinsa lafiya lau, ƙafar baya ce kawai ta ɗan karkace. Baba da ya ga na fito da shi daga soro sai ya tashi da kansa ya ɗauko min ƙararrawarsa a cikin akwati. Ranar Lahadi da safe zan fara gwada hanyar, in ga minti nawa za ta ci.