Gidan da Ya Bauta wa Dogo: Musayar Baitoci a Kan Rasuwar Auta

Yayan marigayi, daga Muciya

Assalamu alaikum. An yi addu'ar bakwai, baƙi sun watse. Ƙanena, autan ɗakinmu, jirgin kaya ya buge shi a tsallaken dogo da ke kan hanyarsa ta zuwa shago a Sabon Garin Zariya. Mai walda ne, shekararsa 31, ya bar 'ya'ya biyu da mata mai juna biyu. Tun ranar magana ba ta fita daga bakina yadda nake so, sai a baiti. Na ɗora amsa-amon a kan "go". Duk wanda ya san shi ko ya san gidanmu, ya karɓa.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba da rai, Shi ke tsara
Ranar karɓa, ba a ƙara
Ko da daƙiƙa a kan agogo.

Tsira ga Annabi ɗan Amina,
Mai haske, kwance a Madina,
Ya sha rashin 'ya'ya, ya nuna
Mana haƙuri shi ne jigo.

Autanmu ne, ƙanin da na goya,
Na kai shi allo, na ga ya koya,
Ya kama walda har ya iya,
Ya tara jari ya buɗe shago.

Ranar Talata ya yi sammako,
Ya sai wa yara ƙosai da koko,
Ya ce akwai aikin da ke dako,
Ya ta da babur ya nufi dogo.

Hantsi bai dubi ludayi ba,
Ban ko buɗe rumfata ba,
Lambar da ban taɓa gani ba
Na ga a waya, wani ya bugo.

Na tarar an rufa masa zane,
Takalmi ɗaya a gefe, na gane,
Na ce da mutane ƙanena ne,
Sanyi ya ratsa ni har ɓargo.

Abin da ke ci na, ya ku dangi,
Kakanninmu sun bauta wa jirgi,
Ga shi bai yi mana ko da ragi
Ba. Baffa, faɗi tarihin dogo.

Baffansu, daga Tudun Wada

Na karɓa, ɗana. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ku ba ku riski kakanmu ba, ni na riske shi. An taso da dogo daga Baro a 1907, ya ratso ta Zariya, ya isa Kano a 1911, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda shi kansa ya yi Waƙar Diga a kan wannan aiki. Turawa kan yanka wa hakimi yawan mutanen da zai kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya bi gida gida. Haka aka zo kan gidanmu.

Kakanmu saurayi ne a ƙauye,
Yana noma gaban iyaye,
Dogarai suka zo suka kewaye,
Aka sa shi a layin ƙwadago.

Diga a hannu, kwando bisa kai,
Ƙasa ake ɗiba ana kai,
Wasu sun gudu, wasu sun bar rai,
Kwana a fili, babu bargo.

Ranar biya a miƙo sulalla,
Kafin ya juya su ya kalla,
Haraji ya ci, ba kayan salla,
Ya koma cin gasasshen rogo.

Na riske shi tsoho ina yaro,
In ya ji kukan jirgi a taro,
Sai ya ce: ƙarfen nan tun Baro
A kan wuyanmu aka ɗago.

Da aiki ya ƙare bai koma ba,
Gonar ta zama ta wani, bai ja ba,
Ba ɗan birni ba ne, bai shiga ba,
Tudun Wada ya kafa zango.

Ya kama dako, buhu a baya,
Gyaɗa da auduga, manyan kaya,
Da wannan gumi nasa ya raya
Gida, yana loda tarago.

Babanmu shi ne ya gaji layi,
Aka ba shi aiki mai nauyi,
Tsaron tsallake, zafi da sanyi,
Tuta a hannu, fitila a bango.

In ya ja ƙyaure kowa ya tsaya,
Mai jaki, mai keke, mai kaya,
Ko motar Razdan ce ta ja baya,
Ba mai wucewa ko da ya rugo.

Har ya aje aiki, ɗana ka ji,
Ba a rasa rai, ko da na kaji,
Da ya tafi aka rasa magaji,
Ɗakin tsaron ya zama kango.

Ba a ƙofar Baba abin ya faru ba, kada a ce na ƙara gishiri. Amma can ɗin ma babu ƙyaure, babu mai tsaro. Mahaifinku kuwa, Allah Ya jiƙansa, shi ne ya fara barin aikin reluwe a gidanmu, ya tafi gidan gurzar auduga.

Malamin zaure, daga Kwarbai

Ya Baffa, sannu, na ji zance,
Ku bar ni in faɗa a taƙaice,
Abin da ke Lauhu a rubuce
Ba mai kankarewa ko ya yago.

Ko da da ƙyaure da mai tuta,
In kwana ya ƙare ba a kuɓuta,
Wani kan gadonsa yake, yana huta,
Mutuwa ta buɗe ɗaki ta shigo.

Ku rage tuhuma, ku yawaita du'a,
Ya fita neman halal da sana'a,
Muna masa fatan babbar sa'a,
Ya kwana a Firdausi yana ango.

Goggonsu, daga Gyallesu

Malam, Allah Ya saka da alheri, amin ga addu'arka. Ni ce nake kwana a ɗakin matar tun ranar, don haka bari in faɗi abin da idona ke gani.

Malam, mun karɓi ƙaddara,
Ba mu ja da Sarkin da Ya tsara,
Amma ka zo ka ga 'yan yara,
Dare ya yi suna ta kiran Goggo.

Babbar ta shiga aji biyu bana,
Ƙaramin in ya ji babur da rana,
Sai ya ce: Abbana ne, Abbana,
Ya fita ƙofa ko zai hango.

Matarsa na takaba a ɗaki,
Ga tsohon ciki, ba ta buɗe baki,
Rigar da yake sawa ta aiki
An kawo mata ita daga shago.

Ya sai ɗan fili a Dogarawa,
Adashe yake yi yana tarawa,
Bulo bisa bulo yana ɗorawa,
Ba rufi tukuna, sai dai bango.

Babanmu da ya tsare ƙofa,
Shi ma ya san ƙaddara, Malam, fa,
Bai ce ta isa ba, ya kafa ƙafa,
Ruwa da iska yana bakin dogo.

Yaron shagonsa, daga Cikaji

Goggo, ina gaisuwa. A gabana aka yi. Oga ya ce in jira shi a tsallake mu wuce tare mu auno wata taga.

Goggo, ni ne yaron shagonsa,
Ina gefen titi ina jiransa,
Tabarau na walda a wuyansa,
Tun daga nesa shi na hango.

Rumfunan kasuwa sun ci layi,
Tirela ta tsaya gaban mai shayi,
Ga janareto, ga odar da ake yi,
Ba mai ganin abin da ke kan dogo.

Tayar gaba ta faɗa tsakani,
Ƙarfe da kwalta, ramin da ka sani,
Ya sauka zai ja, ya dube ni,
Na yi ihu, ban kai ba in fizgo.

Da ya bar babur ɗin da ya tsira,
Amma na bashi ne, da saura,
Daƙiƙa biyu ya tsaya ya gyara,
Don Oga ba ya aikin raggo.

Jirgin ya yi oda, ba zan ce bai yi ba. Sai dai a wurin nan oda ba ta ƙarewa, ta mota, ta babur, ta adaidaita, kunne ya riga ya saba. Jirgin ya yi nisa sosai kafin ya tsaya, shi ya sa mutane suka bi direban da zagi, wasu har da jifa.

Tsohon direban jirgi, daga Sabon Gari

Sannu yaro, Allah Ya cire maka abin da ka gani daga ido. Na san Baba mai tuta, na sha wucewa ta ƙofarsa ina ɗaga masa hannu. Ina so in yi magana a kan tsayawar jirgi, don mutane da yawa suna auna shi da mota. Jirgin kaya mai lodi, in yana cikin gudu, daga inda aka danne birki zuwa inda zai tsaya ana cin ɗaruruwan mitoci. Duk abin da direba ya hango a kan layi daga kusa, ya riga ya makara, abin da ya rage masa oda da salati.

Na ji ana zagin direba,
Ku saurara, ban zo gardama ba,
Jirgi bai san kaucewa ba,
Ba sitiyari, hanya ɗaya ce, dogo.

Ƙafarsa ƙarfe, hanyarsa ƙarfe,
Ka danne birki duk su kafe,
Nauyin baya yana nan tafe,
Tarago na tura tarago.

Wanda ya ja jirgin ranar nan,
Na san ba ya barci har yanzun nan,
Ni ma na ɗanɗani irin wannan,
Fuskar na bin ka har cikin bargo.

Shekaru jirgi ya yi shiru,
Yara suka tashi suka ƙaru,
Aka kafa rumfa, aka taru,
Kan layi ake kasa rogo.

Nan ne bakin zaren. Zariya mahaɗa ce: ga layin Legas zuwa Kano, ga reshen Gusau da Ƙaura Namoda da aka kammala a 1929, da can ma akwai ƙaramin layin da ke hawa Jos, wanda aka rufe a 1957. Mutanen da suka tashi a wancan zamani, ko a barci suka ji ƙarfe na rawa sun san su matsa. Sai jirgi ya yi ta raguwa har aka kusa mantawa da shi. Da aka gyara layi jirgin Legas zuwa Kano ya dawo a ƙarshen 2012, ya tarar da samarin da ba su taɓa tsayawa jiran wucewarsa ba. Kuma jirgin da ke zuwa jefi-jefi ya fi mai zuwa kullum haɗari, don ba wanda ke tsammaninsa. Ga sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Zariya zai bi, jiragensa sun fi waɗanda muka ja gudu. Gara a koya wa yara tun yanzu: a tsaya, a duba hagu da dama, in abin hawa ya maƙale a bar shi a gudu.

Malamin zaure, daga Kwarbai

Goggo, gaskiya ce, sai mu daure,
Annabi ya ce raƙumi a ɗaure,
Sannan a dogara. To ga ƙyaure,
Shi ne igiyar bakin dogo.

Kawar da cuta daga kan hanya
Sadaka ce, mun ji daga manya,
Zan kai wa Liman mu yi murya ɗaya,
Huɗubar Juma'a ta ɗau wannan jigo.

Yaron shagonsa, daga Cikaji

Akwai ragowar bututu a ajiye,
Da fenti ja da fari a shirye,
Hannun da ya horar yana biye,
In an ba da izini zan haɗa a shago.

Yayan marigayi, daga Muciya

Baffa da Goggo, Malam, na gode,
Baba direba, idona ka buɗe,
Kai kuma yaro, Allah Ya sa ka daɗe,
Riƙe makullin, kai ne a shago.

Kuɗin makarantar babbar a kaina ne,
Awo da haihuwa na Baffa ne,
Rufin ginin nan na dangi ne,
Goggo ta ce ita ke da rago.

Allah Ka jiƙan Auta, Ka yafe,
Da Baba mai tuta, da mai ɗaukar ƙarfe,
Ka haskaka kabarinsu dare da safe,
Ka sa Aljanna ce ƙarshen zango.

Ba za mu kafa shinge da kanmu ba sai da yardar masu kula da layin. Za mu rubuta takarda ta hannun Mai Unguwa zuwa ga Hakimi, mu roƙi a ba mu izinin shinge, a sa mai tsaro, a cike ramin da ke tsakanin ƙarfe da kwalta, a kuma matsar da rumfuna da manyan motoci daga bakin tsallaken. Baba direba ya yarda zai tsara mana ita yadda mutanen reluwe za su gane. Haɗuwa ranar Asabar bayan La'asar a zauren Baffa. Shugabannin 'yan acaɓa da na 'yan kasuwar wurin, don Allah ku zo da kanku, sa hannunku muke buƙata.