Ina zan samu kayan Peugeot 504 Coupé?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Motar marigayi babanmu ce, 504 mai ƙofa biyu, shekara da shekaru tana ajiye a zaure nan Birni, rana ta cinye robar gilashi, ƙasan ƙofa duk tsatsa, fitilar baya ɗaya ta fashe. Wallahi raina bai yarda in sayar wa 'yan gwangwan ba. Ta ina zan fara?

Malam Gareji:
Allah ya jiƙan baba. Ɗana, kayan inji da birki da yawa iri ɗaya ne da na 504 ta gama-gari wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ka sauka Kano kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu, amma tafi da tsohon a hannu ka gwada. Jiki ne wahalar, kamfanin Pininfarina ne ya yi shi a Italiya daga 1969 zuwa 1983, gilashi da fitilu ba sa shiga da na sauran.

Na Zongo:
Gaskiya ne. Kar ka yarda a tada ta sai an wanke tanki an canza mai. Fitilar kuwa nemi wani ɗan uwa a Faransa ya duba maka.

Ɗan Birni:
Na gode baba, gobe zan cire tankin in sha Allah.