Nonon kurciya ya warkar da makeron ɗana, ƙanwar mijina ta ce ƙona shi na yi

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun jiya raina a ɓace yake. Ɗana mai shekara 6 makero ya fito masa a damtse, ƙaiƙayi ya hana shi barci. Na tsinko nonon kurciya, 'yar ciyawar nan mai gashi-gashi a kara da ke tsirowa a tsakar gida da gefen filin wasa, wadda in ka karya ta farin ruwa ke fita. Safe da yamma ina ɗiga masa, kwana 9 wurin ya bushe, saura ɗan baƙin tabo. Jiya ƙanwar mijina, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta kama hannun yaron a gaban mutane ta ce ƙona shi na yi. Ni da na haife shi! Ku faɗa min tsakani da Allah, ciyawar nan tana maganin makero ko ba ta yi?

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Yi haƙuri 'yata. Tana yi, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Mai Kemis: Hajiya, kafin a je ga magani, wa ya tabbatar miki makero ne? Makero zobe yake yi, bakinsa a tashe da ɗan ɓawo, tsakiyarsa fes. Naki haka yake?

Uwar Biyu: Zagaye ne kamar kwabo. Tsakiyar ban lura ba.

Mai Kemis: To kin gani. Akwai kircin da ke fitowa kamar kwabo, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Makero ƙwayar fangas ce, yana kama ɗan'uwa ta tawul ko mataji. Ƙaninsa ya kamu?

Anti Babba: Kyasbi ne wannan, ku daina wahalar da ita.

Ɗalibin Likita: Anti, kyasbi ba ya hana barci. Dabbare-dabbare yake yi a ƙirji da baya da wuya, fari-fari ko duhu-duhu, ƙaiƙayinsa kaɗan ne. Ƙwayar da ke kawo shi, Malassezia, dama tana zaune a fatar kowa, zafi da gumi ke sa ta yi yawa. Ƙaiƙayin dare ma ya fi kama da ƙazuwa.

Anti Babba: Mu duk abin da ya ɓata fata kyasbi muke ce masa.

Ɗalibin Likita: Matsalar ke nan. Suna ɗaya, cuta uku, magani daban-daban. Makeron jiki man clotrimazole ko terbinafine ake shafawa mako 2 zuwa 4. Makeron kai kuwa shafawa ba ta isa, sai an sha ƙwaya irin griseofulvin wajen mako 6 zuwa 8. Ƙazuwa ƙwaro ne ke haƙa fata, man permethrin ake shafa mata.

Baba Mai Lambu: Yaro, kafin a haifi kakanka mutane sun san makero in sun gan shi. Yanzu uwa ba ta isa ta gane ciwon ɗanta ba sai ta yi jami'a?

Ɗalibin Likita: Baba, da girmanka, amma ni ba yaro ba ne, 'ya'yana biyu. A yi magana kan hujja.

Anti Babba: Don Baba ya ce maka yaro shi ne abin fushi? Ko jika gare ka, a wurinsa yaro ne kai.

Ɗalibin Likita: Ban yi fushi ba Anti. Duk sanda na kawo hujja sai a koma kan shekaruna.

Uwar Biyu: Don Allah tambayata fa?

Malamin Kimiyya: Ni ina bayan Hajiya. Sunan ciyawar a kimiyyance Euphorbia hirta, 'yar'uwar tinya da aguwa ce. A Indiya ana ɗiga ruwanta a fata, a Filifin suna kiranta tawa-tawa. Har wata 'yar'uwarta, Euphorbia peplus, ita ma ciyawar lambu ce, daga ruwanta aka haɗa man Picato, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012 don wani ciwon fata da rana ke jawowa. Su in sun zuba a kwalba magani ne, mu in mun tsinko jahilci ne.

Mai Kemis: Malam, ƙarasa labarin mana. A 2020 Tarayyar Turai ta dakatar da Picato saboda an ga alamar yana ƙara haɗarin sankarar fata. Kuma aikinsa dama kashe saman fata ne. Ruwan dangin tinya yana cin fata, in ya shiga ido kuwa sai asibiti. Baƙin tabon nan zai iya zama sawun ƙuna, abin da ƙanwar mijin ta faɗa ke nan. Ga wani abu: filayen ciyawa ana fesa musu maganin kashe haki irin 2,4-D, ba ka san abin da ke jikin ganyen da ka tsinko ba.

Anti Babba: Kai dama me za ka ce? In kowa ya koma ciyawa wa zai shigo shagonka?

Mai Kemis: Allah ya isa tsakanina da wannan zato. Na tambaya ko ƙanin ya kamu, har yanzu ba wanda ya amsa.

Baba Mai Lambu: Makero ne. Ban ga yaron ba, amma yadda ta kwatanta, makero ne.

Anti Babba: Kyasbi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Yaro ya yi ciwo, uwarsa ta sa masa nonon kurciya, ya samu lafiya, wannan ba wanda ya musa. Malamin Kimiyya ya nuna mana Turawa ma daga dangin ciyawar suka yi magani. Masu boko sun tsaya jayayyar suna, makero ne ko kirci ne, alhali mai ciwo ba suna ya dame shi ba. Ni kaina da ita aka yi min magani ina ƙarami. A kiyaye ido kawai, a wanke ganyen. Wanda ya ɗaga wa Baba murya ya ba shi haƙuri. Hajiya, ƙanwar mijinki ba ta kyauta ba. Na rufe wannan magana.