Sha'awa ta ɗauke mana ni da maigidana, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu uku, ƙaramar tana da wata 8 kuma ina shayar da ita. Haihuwarta ta zo da wahala, an yi mini ɗinki, na daɗe ina jin zafi, ga shi har yanzu ba ta barina in yi barcin awa huɗu a jere. Tun daga lokacin sha'awa ta ɗauke mini gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne maigidana ma ya daina nemana. Me zan yi?

Baban Amir: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ko shakka babu matsalar tana wajen maigidanki, sinadarin maza na testosteron ne ya yi masa ƙasa. Ya je a auna jininsa da safe, domin a lokacin ne sinadarin ya fi yawa a jiki. Kada ya dogara da Viagra, wadda aikinta ƙara gudun jini zuwa gaba ne, ba ta tayar da sha'awa.

Maman Husna: Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Shayarwa tana ɗaga sinadarin prolaktin mai kawo ruwan nono, ta rage sinadarin mata na estrojen, abin da ke kawo bushewar gaba da raguwar sha'awa, kuma galibi yakan daidaita bayan yaye. Ni ma na sha wannan, amma nawa mijin bai taɓa tambayata abin da ke damuna ba, sai zargi da gori, har shekara biyu.

Mai tambaya: Nawa ba ya zargina. Na manta ban faɗa ba, tun bara yake shan sertraline saboda ciwon damuwa.

Anti Nas: Ƙanwata, ai wannan ne ya kamata ki fara faɗa. Sanannen abu ne cewa sertraline da dangoginsa suna rage sha'awa, haka ma ciwon damuwar kansa. Kada ya daina sha farat ɗaya. Ya gaya wa likitansa, domin ana iya rage masa ko a sauya. Allurar testosteron kuwa, idan wani ya ba shi shawarar yin ta, tana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi.

Baban Amir: Ni dai ina kan bakana. A auna jinin tukuna, za ku ce na faɗa.

Mai tambaya: Anti, maganin nan ne ya dawo mini da shi hayyacinsa, ba zan so a taɓa shi ba. Kuma idan na ɗauko masa maganar, zai ɗauka ina ganin gazawarsa ne. Babu wata hanyar da ba sai na yi masa magana ba?