Tafiyar ƙafa da yara a kwarin kogin Mosel: abin da aka tattauna

An yi wata tattaunawa kan yadda za a yi tafiyar ƙafa da yara a kwarin kogin Mosel, ɓangaren Jamus. Na bi maganganun kowa, ga abin da na tattaro.

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa kada a ɗauki Moselsteig, doguwar hanyar ƙafa da ke bin kwarin, gaba ɗaya. Kilomita 365 ce daga Perl zuwa Koblenz a Jamus, an raba ta zango 24. Mai ƙananan yara ya yanki guntu kawai, ya koma masauki ta jirgin ƙasa ko na ruwa.

2. Zafi ne aka fi jan kunne a kai. Gonakin inabin da hanyar ke ratsawa suna kan gangare, babu inuwa, kuma baƙin dutsen da ke ƙasa yana riƙe zafin rana, shi ya sa inabin ke nuna da kyau. Yaro kuwa nan da nan fuskarsa ta jiƙe da gumi, ya fara neman a goya shi. A fita da sassafe, da hula da ruwa isasshe.

3. Keken tura jariri sai hanyar bakin kogi. A saman gangare, goyo ya fi.

4. Inda aka rabu shi ne tudun Calmont kusa da Bremm, mai tsani da igiyoyin ƙarfe. Wasu sun ce yaran da suka tasa za su iya, wasu suka ce ko kusa. Ni ina tare da masu cewa a haƙura, musamman bayan ruwan sama, don dutsen yana santsi.

5. Lokacin girbi, Satumba zuwa Oktoba, a hana yara tsinkar inabi, gonar mutane ce.

Fadar Cochem da ta Eltz kuwa, tsoffin gidajen sarauta na yankin, kowa ya ce yara na son su.