Ta ina zan fara tattara tarihin gonar kakanninmu a tsaunin Mambila?

Mazaunin Agege:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. A Agege ta Legas aka haife ni, amma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya fito ne daga wata gona da ke bayan Nguroje a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda har yau kakarmu take zaune tare da baffanmu. Ina so in rubuta tarihin gidan saboda 'ya'yana, waɗanda ba su taɓa taka wurin ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kakarmu ta dage cewa a Kamaru aka ɗaura mata aure, alhali ba ta taɓa barin wannan tudun ba, kuma ba ta ƙirga komai da shekara.

Dattijo daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kakarka ba ta ruɗe ba. A da, Mambila tana cikin yankin da ake kira Kamaru ta Arewa, wanda Jamusawa suka riƙe kafin yaƙin duniya na farko, sannan ya koma hannun Ingila, kuma sai bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta watan Fabrairun 1961 aka haɗe shi da Najeriya, aka kira shi lardin Sardauna. Ke nan aurenta ya riga wannan shekarar. Daga nan sai ka kafa turaku: jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Taraba kuwa a 1991. Duk haihuwa ko rasuwar da ta ambata, ka tambaye ta a zamanin wace hukuma aka yi, za ka ga shekarun suna fitowa da kansu.

Hajiya daga Mile 12:
Baba ya yi gaskiya, sai dai tsohuwar da ta yi rayuwarta a gona ba lallai ta riƙe sunayen jihohi ba. Ni a kusa da Gembu, a can Mambila, na tashi, kuma abin da iyayenmu mata suke auna lokaci da shi shi ne shanu da itatuwa. Kowace saniya tana da suna, ana kuma sanin uwarta da kakarta, saboda haka idan aka ce an ba wane 'yar maraƙa ranar sunansa, bin zuriyarta kaɗai zai kai ka nesa. Dalilin zaman shanun a can ma tarihi ne, domin tsayin wurin da sanyinsa sun hana ƙudan tsando sakewa, ga ciyawa mai yalwa. Ka tambaye ta wanda ya dasa fiya da ayabar bayan gida, da lokacin da aka fara noma dankalin Turawa tare da masara da gwaza, da yadda ake kwana da wuta a ɗaki ko da damina saboda sanyi da hazo. Mu da muke sayar da dankali a nan Legas, mun san ba kowace ƙasa take yin sa ba.

Direba daga Alaba Rago:
Malam, kada ka dogara da waya, domin tsofaffi ba sa sakin jiki a cikinta. Ka je da kanka da rani, saboda hawan dutsen daga Mayo Selbe zuwa Maisamari yana da wuya idan ruwa ya sauka. Idan Fulatanci ya fi wa kakarka sauƙi, ka naɗi muryarta da shi, baffanka ya fassara daga baya.